Ciwon Da Na Ɗora Wa Umma

Masu karatu, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan ba ku ko aminiyata ban iya faɗa wa ba. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na sake gogewa, daga ƙarshe na ce gara in faɗa kawai. Wanda zai zage ni ya zage ni, ba zan ce ya zalunce ni ba.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a wurin aiki. Yayyena duk sun yi aure sun watse, saura ni da Umma da Baba. Ina aiki da wani kamfani mai kai wa mutane kayan da suka saya ta intanet. Ni ce nake tattara ƙorafin kwastomomi, wanda kayansa suka makara, wanda aka kai masa a fashe, in tsara su in fitar da rahoto. Lokacin da muke zuwa ofis, ba yabon kai ba, da ni ake misali. Ni nake riga kowa zuwa, takalmina a goge, jakata ta dace da mayafina, kuma kafin Madam, shugabar sashenmu, ta nemi abu na riga na ajiye mata a tebur.

Sai kamfani ya rufe ofishinmu, aka ce kowa ya koma gida ya yi aiki daga can. Ranar har rawa na taka a ɗaki. Ba cunkoson hanya, ba sammako, ba guga kullum. Na sayi ɗan tebur fari na sa a jikin taga, na ɗora masa fulawar roba da kofin birona. Kamfani ya turo wanda zai haɗa wa ma'aikata intanet a gidajensu, ya zo da tsani a kafaɗa, dogo, mai ɗan gemu, ba ya haɗa ido da mutum in yana magana. Gwaggona tana gidan ranar, ita ta laƙaba masa Mai Tsani, sunan ya bi shi. Ya gama haɗa waya ya tafi, bayan kwana biyu ya dawo wai duba ƙarfin sabis, ya sake dawowa wai ya manta sukundireba. A zuwa na gaba bai zo da tsani ba, ya zo da farar riga mai guga da turare, ya nemi ganin Baba.

Wannan kenan. Yanzu bari in faɗa muku abin da ya same ni da na koma ni kaɗai da kwamfuta.

Ashe duk ƙwazon nan nawa idon mutane ne ke riƙe da shi. Da aka ɗauke idon, sai na zube. Makon farko na yi abin kirki. A na biyu na fara komawa barci bayan asuba. Kafin wata ya ƙare, sai ƙarar mitin ɗin safe ke tashina. In zabura in zura riga mai kyau a kan zanin barci, in yafa mayafi, in ɗan shafa hoda, in zauna gaban kyamara ina murmushi kamar wadda ta kwana tana aiki. A manhajar da muke mitin akwai hoton bango da mutum zai sa ya rufe ɗakinsa. Na zaɓi na wani ofis mai kantar littattafai da tukunyar fulawa. Bayansa kuwa gado ne ba gyara, da tulin wanki a kan kujera, da kofin shayin jiya.

Muna da allon ayyuka a intanet, kowa da katinsa. In ka fara aiki ka ja katin zuwa "ana yi", in ka gama ka kai shi "an gama". Katunana duk sun taru a "ana yi" kamar masu jiran mota. Akwai kuma ɗan ɗigo kore kusa da sunan mutum, mai nuna yana kan aiki. Na ƙware wajen raya wannan ɗigon. Ina kwance da waya a hannu ina kallon bidiyon girki da na kwalliyar amare, lokaci-lokaci in miƙa ƙafa in taɓa linzamin kwamfuta don kar ya koma ruwan toka. Da ƙafa, jama'a. Ni da aka taɓa ba wa lambar yabo.

Kar ku ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na sauko da wata manhaja mai ƙirga lokaci, wai ka yi aiki kaɗan ka huta kaɗan. Hutun nake bi da gaskiya. Na tsara jadawali mai launi-launi, na ɓata yini guda wajen zaɓen launukan. Na kai wayata ɗakin Umma na ajiye don kar ta ɗauke min hankali, ban yi nisa ba na koma na ɗauko wai ko wani zai kira.

Da zan ce muku gida ne ya hana ni aiki, da na samu masu tausaya min. Amma ba haka ba ne. Da farko Umma takan leƙo ta ce in duba mata tukunya ko in miƙa saƙo maƙwabta, don a ganinta wanda ke gida yana gida. Sau ɗaya na ɓata rai na ce mata, Umma, wannan ɗakin fa ofis ne yanzu. Shi kenan. Daga ranar ta daina aikena. Ta rage muryar rediyonta. In baƙi suka zo sai ta tare su tun daga ƙofa tana cewa a yi a hankali, Auta tana ofis. Shara, wanke-wanke, girki, duk ta haɗa ta ɗauka. Da hantsi za ta ajiye min shayi da burodi a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa sau ɗaya a hankali ta wuce. Ina jin takunta sai in yi maza in buga madannan kwamfuta da ƙarfi, taf-taf-taf, ba abin da nake rubutawa.

Ga maganar Mai Tsani a gefe. Baba ya yi bincikensa ya gamsu. Umma ta ce yaron yana da kunya da sana'a, me kuma ake nema. Gwaggo kuwa kullum sai ta kira, wai ko sai tsanin ya tsufa zan ba da amsa. Kowa ni yake jira. Ni kuma amsata ɗaya ce: aiki ya yi min yawa, a bari in samu kaina.

Ba ƙin sa nake ba, ku fahimce ni. In saƙonsa ya shigo sai na karanta ya fi a ƙirga. Abin da ya hana ni sakewa wata magana ce da ya taɓa turo min:

"Kin san abin da ya fara burge ni da ke? Na shiga gidaje da yawa na ga masu aiki daga gida. Ke kaɗai na ga kin shirya teburinki tun kafin a haɗa waya. Na ce wannan ba ta buƙatar a tsaya mata a kai."

Ina kwance na karanta wannan saƙon, da rana tsaka, da ɓawon gyaɗa a kan zanina. Tun daga nan duk lokacin da ya ce zai zo gaishe ni sai in ce ina da mitin. Shi kuma sai ya rubuto, "Allah ya taimaka, kar ki manta ki ci abinci." Sai in kife wayar in ji kamar in nutse.

Rahoton wata ya makara. Na nemi ƙarin lokaci, aka ba ni, ya sake makara. Rannan bayan mitin Madam ta ce kowa ya sauka ban da ni. Mace ce mai natsuwa, ba ta faɗa, tabarau a kan hanci. Ta ce ta san aikina, wannan ba ni ba ce, in faɗa mata gaskiya ko akwai abin da ke faruwa.

Ga ƙofa a buɗe, ko? Da na ce mata, Madam, na kasa riƙe kaina, ki taimake ni, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Amma bakina ya riga hankalina.

"Umma ce ba lafiya."

Na ga fuskarta ta canza. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce ita ma ta yi jinyar mahaifiyarta shekara da shekaru kafin Allah ya karɓi abarsa, ta san yadda mutum ke rabuwa biyu. Ta ce in kula da Umma, aiki ba ya ƙarewa. Kafin yamma ta kwashe rabin katunana ta miƙa wa abokiyar aikina, wadda muke kira Maman 'Yan Biyu, mace mai goyon jarirai biyu da ko barcin kirki ba ta samu.

Na ce a raina mako ɗaya kawai, in cike giɓin in ce Umma ta warke. Amma da nauyin ya ragu sai na ƙara miƙe ƙafa. Kuma kullum sai an tambaye ni mai jiki. Tambaya tana buƙatar amsa, amsa tana jawo wata. Na ce hawan jini ne. Na ce mun je asibiti. Wata rana da na makara mitin na ce an kwantar da ita kwana biyu. Maman 'Yan Biyu ta turo min saƙon murya, ana jin kukan yaro a bayanta, tana cewa kar in damu da aikin, ita dai Allah ya tashi kafaɗar Mama. Na saurara, na tura mata hoton hannu biyu na addu'a. A lokacin Umma tana tsakar gida tana wanke labulen falo, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa don kar ta dame ni.

Ranar da asirina ya tonu, hadari ne ya haɗu da hantsi muna tsakiyar mitin. Abin kunnena ya lalace tun makon da ya wuce, ban gyara ba, don haka muryar kowa a fili take fita. Iska ta taso, labule ya fara kaɗawa, yayyafi yana shigowa ta tagar da ke gefen teburina. Ni ban ma kula ba, hankalina yana kan yadda zan kauce in aka tambaye ni rahoto.

Umma da ba ta taɓa shigowa in ina mitin, ranar ta turo ƙofa da sauri. Ta ga ruwa zai taɓa kwamfutar da take ganin ita ce abincina. Hannunta ɗaya rungume da shanyar da ta kwaso, ɗankwalinta ya jiƙe, ta miƙa ɗaya hannun ta bayana ta jawo taga da ƙarfinta ta rufe. Hoton bangon nan nawa ya tsage, kantar littattafai ta ɓace, fuskar Umma ta fito sarai kusa da tawa.

Madam ta dakata da maganar da take.

"Auta, ko Mama ce wannan?"

Na nemi maɓallin kashe kyamara, yatsana ya kasa samunsa.

"Mama, ina kwana. Ya jiki? Auta ta ce har an kwantar da ke a asibiti. Wallahi kullum kina cikin addu'armu."

Umma ta tsaya da shanya a hannu. Ta dubi kwamfutar, ta ga fuskoki a jere cikin ƙananan akwatuna duk suna kallonta. Sannan ta juyo ta dube ni. Ba harara ba ce. Da harara ce da na ji sauƙi. Kallo ne irin na wanda yake son ya gane ko wannan ɗin ɗiyarsa ce.

Ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan sunkuyo wajen kyamara.

"Da sauƙi, 'yata. Na gode. Allah ya saka da alheri."

Sai gaisuwa ta ɓarke. Kowa ya buɗe makirfonsa, sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi, a daina shiga ruwa Mama. Maman 'Yan Biyu ta ɗago jaririnta ɗaya wai ya gaida kaka. Umma ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta amsa, har da tambayar sunan yaron. Madam ta ce mata ta yi dace da 'ya, yarinyar da ta haɗa jinya da aiki ba ta taɓa ƙorafi ba.

"Allah ya yi mata albarka," in ji Umma.

Ta fita ta ja ƙofar a hankali, yadda ta saba, don kar ta dame ni.

Ban san yadda mitin ɗin ya ƙare ba. Na dai ga fuskokin suna ɓacewa ɗaya-ɗaya har saura tawa. Na daɗe zaune ina kallon kaina: riga mai guga, mayafi mai duwatsu, hoda, ga gadon da ba a gyara ba ya fito fili a bayana.

A kicin na same ta, tana zaune a kan 'yar kujera tana tsince shinkafa a faranti. Ruwa na dukan kwano. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ba ta ɗago ba.

"Wane ciwo ne da ni?" ta ce. "Faɗa min in sani, kar wani ya tambaye ni in yi kuskure."

"Umma, don Allah…"

"Tambayarki na yi."

"Hawan jini," na ce, muryata kamar ba tawa ba.

Ta gyaɗa kai, ta cire wata 'yar tsakuwa ta ajiye gefe. Ta tambaye ni tun yaushe take kwance. Na faɗa mata. Ta tambaye ni wa ke yin aikin nawa. Na ce mai jariran nan da ta gani. Nan ne hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"To aikin da nake hana kowa tari a gidan nan saboda shi fa? Me kike yi a ɗakin?"

Na faɗa mata komai. Barcin, wayar, ɗigon kore, har buga madannai in na ji takunta. Ina faɗa ina kuka. Da na gama ta ce ba ciwon da na ɗora mata ne ya fi ƙona mata rai ba, lafiya da ciwo duk na Allah ne. Ta ce da na zo na ce mata na kasa, da ita da kanta za ta riƙa tashina, ta karɓe wayar ta kulle a kwaba, ta zauna a bakin ƙofa in ya kama. Kasawa ba abin kunya ba ce a wurin uwa.

"Amma yau kin sa na yi ƙarya da bakina, da furfurata, a gaban mutanen da suke min addu'a. Na rufa miki asiri sau ɗaya, Auta. Ba zan yi na biyu ba."

Ta ce ba za ta gaya wa Baba ba, kuma ba za ta kira kowa ba. Gyaran nawa ne. Ta miƙo min farantin ta ce tunda ofis ya tashi, in ƙarasa tsincewa.

Da na koma ɗaki na gyara gado, na kwashe wankin, na cire hoton bangon nan gaba ɗaya. Na kai wayata kicin na ajiye kusa da Umma, ba ta ko kalle ta ba. Na zauna na yi aiki, aiki na gaske, irin wanda na manta daɗinsa. Kafin la'asar na kai kati biyu "an gama". Abin da ya ƙara min kunya shi ne ganin ashe bai fi ƙarfina ba. Na buɗe akwatin saƙon Madam na rubuta, "Madam, akwai maganar da nake so in faɗa miki." Na zuba wa layin ido. Na goge. Na ce gobe da safe, in na samu ƙarfin hali.

Bayan la'asar ruwa ya ɗauke, na je ɗaukar wayata. Saƙonni uku, duk daga Mai Tsani.

"Auta, yanzu na fito daga gidan shugabarku, iska ta taɓa musu waya na je gyarawa. Ta san a gidanku nake neman aure, sai take min ya mai jiki."

"Ashe Umma har asibiti ta kwanta ban sani ba. Ni kuma ina nan ina jin haushi a raina, ina cewa gudu na kike. Ashe jinya kike ke kaɗai. Ki yafe min zargin da na yi miki."

"Na gaya wa Yayata, ta ce ba za mu kwana ba mu duba ta ba. Mun kusa."

Yayarsa ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ce uwa a wurinsa, kuma ba ta taɓa zuwa gidanmu ba. Na duba lokacin da ya turo saƙon ƙarshe, na ga an jima. Na kira shi, bai ɗaga ba, yana tuƙi.

Na miƙa wa Umma wayar. Ta nisanta ta da idonta ta karanta a hankali, ta miƙo min. Na ce ta taimake ni, ko ɗan kishingiɗa ta yi a kujera, yau kaɗai, gobe zan gyara komai. Kunyar wannan roƙon har yanzu ba ta sake ni ba. Umma ta miƙe. Ta shiga ɗakinta, ta fito cikin shuɗin leshinta na fita unguwa, ta ɗaura ɗankwali tsaf, har da kwalli. Tunda nake ban taɓa ganin ta da lafiya kamar ranar ba.

Ana haka muka ji tsayuwar mota. Baba da ya dawo daga masallaci shi ya shigo da su falo, yana ta maraba, bai san komai ba. Mai Tsani na riƙe da leda cike da lemo da ayaba da kankana. Yayarsa babbar mace ce mai fara'a, ta zauna kusa da Umma ta kama hannunta. Ni ina tsaye jikin labule da tiren ruwa.

"Sannu Umma," in ji Yayar. "Sai yau muke jin labari. Me ya same ki haka har da kwanciya asibiti?"

Baba ya juyo da sauri ya dubi Umma.

"Asibiti? Wa aka kwantar?"

Umma ta ɗora ɗaya hannunta a kan na baƙuwar, ta yi ɗan murmushi, sannan ta ɗago ido ta same ni inda nake laɓe.

"Auta, ajiye tiren ki zo ki zauna," ta ce. "Ke kika fi ni sanin ciwon nan. Yi musu bayani."